NAZARI: Abin da annobar korona ta tona game da masu wankin ƙoda a gida, da darasin da ya rage wa Najeriya

Ranar 30 ga Maris, 2020, dokar kulle ta fara aiki a Legas da Abuja, kuma a tsakiyar Afrilu Kano ta bi sahu. Saƙon hukumomi ga jama'a guda ne: kowa ya zauna a gida. Ga mafi yawan mutane zaman gidan takura ce da asarar abin masarufi. Akwai kuwa wani rukuni da zaman gida na mako guda ko biyu zai iya kai shi kabari, wato mutanen da ƙodarsu ta daina aiki, waɗanda ke rayuwa da wankin ƙoda na inji. A ƙa'idar likitoci, irin wannan majinyaci yana zuwa asibiti sau uku a mako, ya shafe kimanin sa'o'i huɗu a kowane zuwa, jininsa na fita ta cikin na'ura yana komawa jikinsa. Idan ya zauna a gida, ruwa da guba za su taru a jikinsa. Idan ya fita, zai ratsa shingayen jami'an tsaro, ya shiga motar haya, sannan ya kwanta a ɗaki ɗaya da wasu marasa lafiya a lokacin da cutar numfashi ke yawo. Gaba kura, baya sayaki.

A wasu ƙasashen akwai majinyata masu irin wannan ciwo da ba su shiga wannan tsaka mai wuya ba, domin a ɗakunansu suke wanke ƙodarsu, ba tare da injin tace jini ba. Abin da ya same su a shekarun korona ya nuna amfanin wannan hanya, ya kuma tona wuraren da take da rauni. Dukkan biyun sun shafi Najeriya, inda gwamnati ta fara sa hannu a kuɗin wankin ƙoda amma hankalinta ya tafi kacokan kan inji.

Yadda wankin gida yake

Cikin ɗan Adam yana da wani siririn tantani da ya lulluɓe hanji da bangon ciki, cike da ƙananan jijiyoyin jini. Likitoci sun daɗe da gano cewa wannan tantani zai iya zama matata. Ana yi wa majinyaci ƙaramar tiyata, a dasa masa wata lallausar roba a gefen cibiya, ɓari ɗaya a ciki, ɓari ɗaya a waje. Ta wannan roba ake ɗura ruwa na musamman mai ɗauke da gishiri da sukari, kimanin lita 2 ga babban mutum. Ruwan ya zauna sa'o'i huɗu zuwa shida yana janyo guba daga jini, sukarin da ke cikinsa kuma yana janyo ruwan da ya yi wa jiki yawa. Daga nan a juye shi cikin wata leda, a ɗura sabo. Kowane canji yakan ɗauki kusan rabin sa'a, kuma galibi sau huɗu ake yi a yini. Wannan salon da ake yi da hannu ba ya bukatar lantarki, nauyin ruwan ne ke gangara da shi. Akwai salo na biyu da wata ƙaramar na'ura ke yin canjin da dare yayin da majinyaci ke barci.

Hanyar ba sabuwa ba ce. Robar da ake amfani da ita har yau Henry Tenckhoff ne ya fito da ita a 1968, kuma a 1976 Robert Popovich da Jack Moncrief suka bayyana salon canji da hannu a jihar Texas ta Amurka. Duk da haka, kimanin kashi 11 cikin 100 ne kawai na masu wankin ƙoda a duniya ke bin ta. Hong Kong ta mayar da ita zaɓin farko tun 1985, har ya zama kusan kashi uku cikin huɗu na majinyatanta a gida suke wanki. Tailan ta ɗauki irin wannan manufa a 2008 a ƙarƙashin shirinta na kiwon lafiya ga kowa.

Kariyar da gida ya bayar

Korona ta yi wa masu ciwon ƙoda mummunar ɓarna. Yawancinsu manya ne, da dama suna da ciwon sukari ko hawan jini, garkuwar jikinsu kuma ta yi rauni. Alƙaluman da aka tattara a Turai a zangon farko na annobar sun nuna cewa tsakanin mutum ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na masu wankin ƙoda da suka kamu sun rasu. Ɗakunan wankin inji suka zama wuraren yaɗuwar cutar, saboda mutanen da suka fi kowa rauni ne ke taruwa a cikinsu sau uku a mako, kuma babu halin a ce su killace kansu.

Bayanan da suka fito daga Ingila, Amurka da lardin Ontario na Kanada sun nuna cewa a watannin farko masu wanki a gida sun fi ƙarancin kamuwa da cutar fiye da masu zuwa asibiti. Lissafin a fili yake: mai wankin inji yana zuwa asibiti fiye da sau 150 a shekara, mai wankin gida kuwa yakan je ganin likita sau ɗaya a wata ko a wata biyu zuwa uku. Sai dai kariyar ta tsaya ne a kan kamuwa. Wanda ya kamu daga cikinsu, haɗarin mutuwarsa bai bambanta sosai da na ɗan uwansa mai wankin inji ba.

A birnin New York, a watan Afrilun 2020, hanyar ta yi wani amfanin da ba a shirya masa ba. Korona ta lalata ƙodar ɗimbin mutanen da ke kwance a sashen kulawa ta musamman, injinan wanki da ruwansu da ma'aikatansu suka yi ƙaranci. Asibitoci irin su Bellevue da Montefiore suka koma dasa roba a bakin gado suna wanki ta tantanin ciki, hanyar da likitocin Amurka da yawa suka daɗe da ajiyewa ga manya masu lalacewar ƙoda ta gaggawa. Ƙasa mafi kashe kuɗi a kan lafiya ta dogara, na wasu makonni, da dabarar da ake ɗauka ta asibitocin da ba su da hali ce.

Nauyin da ya koma kan gida

Wankin gida ya kuɓutar da majinyaci daga cunkoson asibiti, amma ya ɗora wa gidansa aikin asibitin. Annobar ta nuna yawan abubuwan da wannan aiki ya rataya a kansu.

Na farko shi ne kaya. Mai canji huɗu a yini yana cinye lita 8, wato leda 120 a wata, lita 240, nauyin da ya zarce buhun shinkafa mai kilo 50 guda huɗu. Ana kawo su cikin kwalaye, a jibge a busasshen wuri da rana ba ta dukansa. Idan motar da ke kawo kaya ta makale a kan iyakar jiha, ko jirgin ruwa ya yi jinkiri a tasha, majinyaci ba shi da abin da zai maye gurbin ruwan da shi, domin ba a haɗa shi a kicin. Shi ya sa ƙungiyar masana wannan fanni ta duniya, ISPD, ta shawarci majinyata tun a farkon annobar da su ajiye kayan aƙalla mako biyu. Shawarar mai sauƙi ce ga wanda inshora ke biya masa, mai nauyi ga wanda ke saye da kuɗin aljihunsa. Ko ƙananan kaya sun zama matsala. Tun kafin korona, mai wankin gida yana sa takunkumi ya tsabtace hannu a kowane canji. Da duniya ta yi caa a kan takunkumi da ruwan tsabtace hannu, sai ya shiga layi ɗaya da kowa yana neman abin da rayuwarsa ta dogara da shi sau huɗu a yini.

Na biyu shi ne ma'aikacin jinya da za a samu a waya. Babban abokin gabar wannan hanya shi ne ƙwayoyin cuta su shiga ciki ta bakin roba su kumbura tantanin. Alamarsa ta farko ita ce ruwan da aka juye ya fito da hazo maimakon garau, sannan ciwon ciki, wani lokaci da zazzaɓi. Ana koya wa majinyata su sa takarda mai rubutu a ƙarƙashin ledar, idan rubutun bai karantu ba, su kira asibiti nan take. Idan an fara magani da wuri, akan zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin ledar na mako biyu zuwa uku, majinyaci ya warke a gida. Idan aka yi jinkiri, sai an cire robar, tantanin na iya lalacewa har abada, rai ma na iya salwanta. A lokacin annoba jinkirin ya samu sababbin dalilai: tsoron zuwa asibiti, ruɗani tsakanin zazzaɓin korona da na ciki, da kuma kwashe ma'aikatan jinya na sashen ƙoda zuwa ɗakunan masu korona. Cibiyoyi da dama sun koma duba majinyata ta waya, ana turo hoton leda da na bakin roba, ana faɗin nauyi da awon jini na kowace safiya. Hakan ya yi amfani matuƙa, wasu cibiyoyin ma sun ba da rahoton cewa kumburin tantani ya ragu saboda gidaje gaba ɗaya sun rungumi wanke hannu. Sai dai waya ba ta gano wace ƙwayar cuta ce ta shiga, dole ledar ta isa ɗakin gwaji.

Na uku shi ne ɗakin tiyata. Da asibitoci suka dakatar da ayyukan da ba na gaggawa ba, dasa robar wanki ya faɗa cikin jerin abubuwan da aka ɗage a wurare da yawa. A daidai lokacin da ya fi dacewa a fara wa sababbin majinyata wanki a gida, sai ƙofar shigarsa ta rufe, aka tura su ɗakunan inji da ke cike. A Amurka sai da likitocin ƙoda suka matsa kafin hukumar da ke biyan kuɗin jinyar tsofaffi ta fayyace cewa wannan tiyata tana cikin ayyukan dole. Horon da ake ba majinyaci da danginsa, wanda kan ɗauki kwanaki ana zaune gaba da gaba, shi ma ya tsaya ko ya gajarta.

Na huɗu shi ne gyaran magani idan rashin lafiya ta zo. Ruwan wanki yana da ƙarfi daban-daban gwargwadon sukarin da ke ciki, daga kashi 1.5 zuwa 2.5 zuwa 4.25 cikin 100, kuma mai ƙarfi ya fi janye ruwa daga jiki. Majinyacin da korona ta sa wa zazzaɓi da gudawa, ya kuma daina ci da sha, idan ya ci gaba da amfani da leda mai ƙarfi jikinsa zai bushe, jininsa ya faɗi. Yana bukatar wanda zai gaya masa ya sauya. Ga kuma abinci. Wannan wanki yana fitar da sinadarin gina jiki tare da guba a kowace rana, saboda haka ana so majinyaci ya riƙa cin ƙwai, kifi ko nama, a lokacin da kasuwanni ke rufe, sana'o'i suka tsaya. Allurar ƙarin jini da yawancinsu ke yi ita ma sai a firji take zama.

Na biyar shi ne mai jinya. Tsoho mai raunin gani ko makyarkyatar hannu ba zai iya haɗa roba da leda cikin tsabta ba, mata ko ɗa ko 'ya ce ke yi masa. Idan mai jinyar ya kamu da cutar, ko aka killace shi, babu wanda ya san aikin. Idan majinyacin ne aka kwantar a ɗakin masu korona, inda aka hana dangi shiga, sau da yawa ma'aikatan ɗakin ba su taɓa yin wannan canji ba. A kan duk wannan akwai kaɗaici. Mai wankin inji, duk da haɗarin da yake ciki, yana ganin ma'aikata da abokan jinya sau uku a mako. Mai wankin gida ya shafe watanni shi da iyalinsa da kwalaye, yana sauraron labarin cewa irinsa ne cutar ta fi kashewa.

Cewa ruwan wanki shi ne jijiyar wannan tsari ya sake tabbata bayan annobar. A watan Satumbar 2024 guguwar Helene ta haddasa ambaliyar da ta rufe masana'antar kamfanin Baxter a jihar North Carolina, wadda ke samar da kimanin kashi 60 cikin 100 na ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya a Amurka, tare da babban kaso na ruwan wankin gida. Aka koma raba ruwan da ƙididdiga, aka taƙaita ɗaukar sababbin majinyata. A Sudan, wadda ta kafa shirin ƙasa na wankin gida tun 2005, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya wargaza cibiyoyin ƙoda na Khartoum da hanyoyin rarraba magunguna, ya bar masu wankin inji da na gida cikin hali ɗaya.

Inda Najeriya ta tsaya

A Najeriya, wankin gida ga masu daɗaɗɗen ciwon ƙoda kusan babu shi. An fi amfani da tantanin ciki ne ga ƙananan yara masu lalacewar ƙoda ta gaggawa a wasu asibitocin koyarwa, na 'yan kwanaki. Babban dalili shi ne ruwan, wanda galibi daga waje ake shigo da shi da dala. Jigilar lita 240 a wata ga mutum ɗaya daga wata nahiya ta sa hanyar da ta fi araha a Hong Kong ta zama mai tsada a Kano. Shi ya sa da kulle ya zo, majinyacin Najeriya ba shi da zaɓi na biyu. An rufe filayen jiragen sama ga jiragen ƙasa da ƙasa daga ƙarshen Maris zuwa farkon Satumbar 2020, an hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa 1 ga Yuli, alhali injinan wanki sun taru ne a manyan birane. Mutumin ƙauyukan Gashua a Yobe ko na Haɗeja a Jigawa, yankunan da aka daɗe ana kokawa da yawan ciwon ƙoda a cikinsu, tafiya ce ke gabansa kafin ya isa inji, ko da babu annoba.

A watan Agustan 2025 fadar shugaban ƙasa ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya na wankin ƙoda daga kimanin naira 50,000 zuwa naira 12,000 a wasu asibitocin tarayya, ciki har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da na tarayya da ke Azare. Sauƙi ne na gaske. Wanki uku a mako da ke cin naira 600,000 a wata ya dawo 144,000. Amma wannan adadi ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sau biyu, ban da kuɗin mota, allurai da gwaje-gwaje. Nazarce-nazarcen asibitocin koyarwa sun sha nuna cewa mafi yawan waɗanda suka fara wanki a ƙasar nan ba sa iya ci gaba bayan wata uku. Tallafin kuma bai taɓa matsalar nisa ba, bai kuma rage taruwar marasa garkuwa a ɗaki ɗaya ba, wato abubuwa biyun da korona ta nuna cewa suna kisa.

Masu shakkar wankin gida a Najeriya suna da hujjoji masu ƙarfi. Hanyar tana bukatar ɗaki mai tsabta da za a rufe ƙofarsa da tagoginsa a lokacin canji, da ruwa mai kyau na wanke hannu, da wurin ajiya. Gidan da mutum takwas ke kwana a ɗaki ɗaya, dabbobi na tsakar gida, ƙurar hunturu na shigowa ta ko'ina, zai sha wahalar cika waɗannan sharuɗɗa. Ba kowane jiki ne ma ya dace da ita ba: wanda aka yi wa manyan tiyatocin ciki na iya rasa damar, kuma tantanin kan gaji bayan wasu shekaru. Sai dai ƙauyukan Tailan da unguwannin marasa galihu na Afirka ta Kudu ba aljanna ba ne, kuma an gudanar da shirin a cikinsu. Abin da ya bambanta Afirka ta Kudu shi ne ana yin ruwan a cikin ƙasar. A asibitin Mbingo da ke arewa maso yammacin Kamaru, likitoci sun ceci masu lalacewar ƙoda ta gaggawa da ruwan da suka haɗa a asibitin daga ledojin ƙarin ruwa na yau da kullum da sukarin allura. Wannan dabara ta gaggawa ce, ba ta wankin shekaru ba, amma ta nuna cewa sinadaran ba baƙi ba ne. Najeriya tana da masana'antun da ke yin ledojin ƙarin ruwa, kuma abin da ke cikin ruwan wanki dangin abin da suke sarrafawa ne, sai dai yana bukatar leda mai bututu biyu da tsauraran matakan tsabta.

Abin da ya kamata a yi tun babu kulle

Mataki na farko yana hannun Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da NAFDAC. Babu kamfanin da zai kafa layin sarrafa ruwan wanki alhali babu masu saye, kuma babu likitan da zai dasa wa mutum roba alhali babu tabbacin ruwa. Gwamnati ce kaɗai za ta iya warware wannan ƙulli, ta hanyar alƙawarin sayen wani adadi na shekaru, da sanya wankin gida a cikin tallafin da ta riga ta fara da kuma tsarin hukumar inshorar lafiya ta NHIA. Mataki na biyu shi ne horar da ma'aikatan jinya da likitocin da za su iya dasa roba, a kuma samar da layin waya da ke amsawa dare da rana, domin shirin da ba shi da mai ɗaga waya zai ƙare da kumburin tantani da gawawwaki. Na uku ya shafi kowace dokar kulle ta gaba, ko ta cuta ko ta tsaro: a rubuta tun yanzu cewa masu wankin ƙoda, masu jinyarsu da motocin kayansu suna da izinin wucewa, kuma tiyatar dasa roba aikin dole ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa na korona a ranar 5 ga Mayu, 2023, amma bukatar ba ta jira wata sabuwar annoba ba. Zazzaɓin Lassa da ke dawowa kowane rani yana lalata ƙoda, kuma wannan na cikin manyan dalilan mutuwar masu ɗauke da shi. Kwalara da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani suna yi wa yara irin wannan illa a garuruwan da babu inji ko ɗaya. Asibitin da ke da roba, da ruwa, da ma'aikacin da ya iya aikin zai iya riƙe irin wannan yaro na kwanakin da ƙodarsa ke bukata kafin ta farfaɗo, ko an kawo wuta ko ba a kawo ba.